Angkor: Ziyarar Tsohon Birnin Dutse Da Ruwa A Kambodiya

  Yau filin namu zai kai mu can kudu maso gabashin nahiyar Asiya, ƙasar Kambodiya, wadda ke maƙwabtaka da Tailan da Laos da Biyetnam. A arewa maso yammacin ƙasar, daf da wani gari mai suna Siem Reap, akwai kangayen Angkor, fadar daular Khmer, wadda ta shafe sama da shekara 600 tana juya wannan yanki, daga 802 zuwa wajen 1431.

Don mu kama zamanin da kyau, tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar birni. Yana kan gado, a 1113, wani sarki mai suna Suryavarman na Biyu ya hau mulki a Angkor, ya sa aka fara gina Angkor Wat, ɗaya daga cikin gine-ginen bauta mafi girma a duniya. Hoton ginin nan ne a tsakiyar tutar Kambodiya har gobe.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne yadda galibin baƙi ke ziyartar wurin. A 2019 kaɗai, baƙi sama da miliyan 2 daga ƙasashen waje suka sayi tikitin shiga. Da yawansu kan yi sammako su ɗauki hoton fitowar rana a bayan hasumiyoyi, su ruga wuri biyu ko uku, kashegari su hau jirgi. Sun ga duwatsu, amma birnin ya wuce su. Ni a ganina, duk wanda ya kashe kuɗinsa ya ƙetare rabin duniya, ya kamata ya dawo da amsar tambaya biyu: wa ya ciyar da mutanen da suka yi wannan aiki, kuma su wa ke zaune a wurin a yau?

Bari mu fara da hanya, mu sallame ta da wuri. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga ƙasashenmu zuwa Kambodiya. Sai an ya da zango a Addis Ababa ko Doha ko Dubai, a sake sauka a Bankok ko Singafo, sannan a yi ɗan gajeren tashi zuwa Siem Reap, inda aka buɗe sabon filin jirgi a Oktoban 2023, kimanin kilomita 40 daga kangayen. Maganar biza kuwa, kada ka dogara da abin da wani Bature ya rubuta a intanet cewa a filin jirgi ake buga ta. Ƙa'idar mai fasfon Afirka takan bambanta da tasa. Ka tabbatar a ofishin jakadanci kafin ka biya kuɗin jirgi, ka kuma riƙe katinka na rigakafin shawara.

Tunda faɗakarwa muke yi, ga wani gargaɗi ga matasa. Ziyara daban, tallan aiki daban. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai mutum kimanin 100,000 a Kambodiya da aka tsare a gidajen damfarar intanet, da yawansu an yaudare su ne da alƙawarin aiki mai tsoka, suna isa aka ƙwace fasfo. Duk wanda ya ce zai biya maka jirgi zuwa can don ka yi aikin kwamfuta, ka yi nesa da shi.

Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, zafi bai taso ba. Afrilu kuwa tsakiyar bazara ce, dutse yakan yi zafin da ba ya taɓuwa. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce, akwai caɓi, amma baƙi sun ragu, tafkuna sun cika, kuma a lokacin ne mutum zai fi gane yadda birnin ya rayu. Tikitin kwana ɗaya dala 37 ne a shekarun nan, na kwana uku dala 62, na kwana bakwai dala 72. Shawarata ka sayi na kwana uku aƙalla, don filin da aka keɓe ya kai murabba'in kilomita 400. Dala tana tafiya a kasuwa tare da kuɗinsu, riyel, amma takarda mai yaga ko datti ba a cika karɓarta ba. Abin hawa kuwa babur ne mai jan keken fasinja, su kan ce masa tuk-tuk. Ka yi ciniki da direba ɗaya na wuni guda, zai riƙa jiranka a kowace ƙofa.

To mu isa Angkor Wat. Ana buɗe shi tun ƙarfe 5 na asuba. Kafin ka ga bango, ruwa za ka fara gani: wani makeken rami da aka haƙa da hannu ya kewaye ginin ta kowace fuska, faɗinsa mita 190, kilomita ɗaya da rabi ta nan, kilomita ɗaya da mita 300 ta can. Jama'a kan tsallake shi da sauri suna neman wurin tsayawa hoto. Ka dakata a nan. Ginin yana zaune ne a kan yashi, kuma masana sun nuna cewa ruwan nan yana riƙe danshin ƙasa daidai rani da damina, don kada ƙasa ta kumbura ta motse har harsashi ya tsage. Ke nan ruwan yana cikin abin da ya tsayar da ginin shekara 900.

Da ka ƙetare, doguwar hanyar dutse za ta kai ka ga hasumiyoyi biyar, ta tsakiya tana da tsawon mita 65 daga ƙasa. A aƙidar Hindu ta masu ginin, hasumiyoyin suna wakiltar wani dutse da suka ɗauka shi ne cibiyar duniya, ramin ruwan kuma teku. Sarkin ya keɓe ginin ga abin bautarsu Vishnu, ya sa ƙofarsa ta dubi yamma, saɓanin yawancin wuraren bautar Angkor da ke duban gabas. Sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita, wanda ya tsaya a hanyar yamma zai ga rana ta ɓullo daidai kan tsinin hasumiyar tsakiya.

Ka lura da duwatsun kansu. Iri biyu ne. Ciki da harsashi marmara ce, jar marmarar nan mai ramuka da muka sani a ƙasarmu, wadda ake yanka tana da taushi, in ta sha iska ta taurare. Fuskar ginin kuma wani dutse ne mai daɗin sassaƙa, da aka fasa a gindin tsaunin Kulen, tafiyar kimanin kilomita 40, aka jawo shi ta magudanan ruwa. Ba siminti, ba laka a tsakani. Gogar duwatsun suke yi har su haɗe, nauyinsu ya riƙe su. Rufin kuwa, kowane layin dutse yakan ɗan zarce na ƙasansa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Irin wannan rufi ba ya ɗaukar faɗi, shi ya sa duk girman ginin za ka tarar ɗakunansa ƙuntatattu ne. Ba don taron jama'a aka yi su ba. Ɗakin abin bauta ne, sarki da manyan bokayen fada ke shiga, talakawa suna waje.

A baranda ta farko, bango ya cika da sassaƙa ɗaruruwan mitoci: yaƙe-yaƙe daga tatsuniyoyin Indiya, jerin gwanon sojojin sarki da giwayensu da laimominsu, da wani zane mai tsawon kusan mita 50 inda rundunoni biyu ke jan wani ƙaton maciji kamar igiya. Akwai kuma surorin mata kusan 1,800, kowace da irin kitsonta da adonta. Hawa bene na ƙarshe sai mai lafiyar gwiwa, don matakalar a miƙe take ƙwarai, ko da yake an ɗora ta katako mai abin riƙewa. Ba a barin yara ƙanana su hau, ana kuma rufe shi a ranakun ibadar mabiya addinin Budda.

Wataƙila ɗan jagora ya ce maka wani Bafaranshe mai suna Henri Mouhot ne ya gano Angkor a 1860. Wannan magana ba ta da tushe. Littafin tafiyarsa ne ya sa Turai ta waiwayo, amma Angkor Wat bai taɓa ɓata wa mutanensa ba. Bayan ƙasar ta koma addinin Budda, sufayensu suka zauna a ciki suna kula da shi ƙarni bayan ƙarni. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal ya ziyarce shi tun 1586, wani baƙo daga Japan kuma ya bar rubutunsa da tawada a jikin ginshiƙi a 1632.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, ga mai kama mu yanzu, muna zagaya kangayen Angkor ne a ƙasar Kambodiya. Mu dawo kan tambayarmu: wa ya ciyar da masu wannan aiki?

Amsar tana kudu da birnin, a tafkin Tonle Sap. Wannan tafki yana da wani hali na ban mamaki. Da rani, kogin da ke fita daga cikinsa yana zuba a kogin Mekong. Da damina kuwa, in Mekong ya cika ya batse, sai ya tura ruwan baya, kogin ya juya ya koma yana zuba a tafkin, har tafkin ya ninka girmansa sau huɗu ko biyar. In ruwa ya janye, ya bar kifi jingim da ƙasa mai albarka. Sarakunan Khmer suka ƙara da nasu aikin. Suka tare ƙoramun da ke gangarowa daga tsaunin Kulen, suka gina manyan matattarar ruwa da suke kira baray. Ta yamma, wadda aka yi a ƙarni na 11, tsawonta kilomita 8, faɗinta ya ɗara kilomita 2, kuma har yau akwai ruwa a cikinta. Ba haƙa ta aka yi ƙasa ba, ganuwar ƙasa aka tayar ta kewaye fili, ruwa ya taru a sama da gonaki, yadda in an buɗe masa hanya zai gangara da kansa. Baƙi kaɗan ne ke zuwa wurin, alhali tafiyar 'yan mintoci ce. Ni da za a bi ta tawa, da nan za a fara kai kowane baƙo kafin ya ga hasumiya ko ɗaya.

Wani jakadan ƙasar Sin mai suna Zhou Daguan ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta abin da ya gani. Ya ba da labarin ana girbin shinkafa sau uku ko huɗu a shekara, mata ne ke riƙe da ciniki a kasuwa, gidajen talakawa rufin ciyawa gare su, manya ne kawai aka yarda su yi rufin tayil. Wannan bayani ya warware wani abu da ke ruɗa baƙo. In kana zagayawa za ka ga wurin bauta nan, wani can, daji a tsakani, ka ce ina gidajen? Dutse na abin bauta ne kawai. Kowa, har sarki, a gidan katako yake kwana, katako kuwa ba ya jure damina 700. Dajin da kake ratsawa a tuk-tuk unguwanni ne a da.

A 2012 masu bincike suka ɗaura wa jirgi mai saukar ungulu wata na'urar haske da ke ratsa ganyaye ta auna tudu da kwarin ƙasa. Sai ga tituna a miƙe, da tuddan gidaje, da kududdufai a jere, duk a ƙarƙashin daji. Birnin da ƙauyukansa sun mamaye kimanin murabba'in kilomita 1,000, an kuma ƙiyasta mutanensa sun kai 700,000 zuwa 900,000 a lokacin da yake ganiyarsa a ƙarni na 13. Ba birnin Turai ko ɗaya da ya kama ƙafarsa a wancan zamani.

To me ya ci shi? An daɗe ana cewa yaƙi ne, don sojojin Ayutthaya daga ƙasar Tailan ta yau sun ci birnin a 1431. Yaƙin ya faru, amma ya tarar da gida ya riga ya raunana. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya duba zoben shekaru a kututturan tsofaffin itatuwa a tsaunukan Biyetnam, ya gano an yi fari mai tsawo a tsakiyar ƙarni na 14, aka sake wani a farkon na 15, a tsakaninsu kuma aka yi damuna masu ambaliya. Fari ya sa aka yi ta gyara magudanai don a tatso ɗan ruwan da ya rage, ambaliya ta zo ta farfasa su, yashi ya toshe na ƙasa. Tsarin ya yi girman da in wuri ɗaya ya lalace sai ya ja saura. Ga kuma ciniki ya koma bakin teku, sai manya suka yi ta zarewa kudu, wajen da birnin Phnom Penh yake a yau. Mu da muke ganin yadda tafkin Cadi ya janye, muke kuma ganin ambaliya tana cin garuruwa bayan shekarun fari, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Arewa kaɗan da Angkor Wat akwai Angkor Thom, birni mai ganuwa, kowane gefe kilomita 3, da ƙofofi biyar. Wanda ya gina shi, Jayavarman na Bakwai, ya hau mulki a 1181, bayan wasu mutane da ake kira Cham sun biyo ruwa da jiragensu sun ƙone fadar a 1177. Shi mabiyin Budda ne. A tsakiyar birnin ya gina Bayon, mai hasumiyoyi ɗauke da manyan fuskoki sama da 200 suna duban kowace nahiya. Kowa fuskokin yake ɗauka hoto. Ni kuwa bangon ƙasa na waje nake so ka tsaya a gabansa, don nan ne masassaƙa suka zana talaka. Ga mata suna cinikin kifi, ga maza sun yi da'ira suna kallon faɗan zakaru, ga mace tana naƙuda ungozoma na kanta, ga masu gasa nama a tsinke, ga kada ya cafke sojan da ya faɗo daga jirgi. Ga kuma amalanken shanu wanda in ka fita ƙauye yau za ka ga irinsa a hanya.

Rubutun da wannan sarki ya bari a duwatsu ya ce ya gina asibitoci 102 a faɗin ƙasarsa, da masaukan matafiya 121 a kan manyan hanyoyi. Abin yabo ne. Amma a duba wani lissafin. Ta Prohm, wurin bautar da ya keɓe don tunawa da mahaifiyarsa a 1186, rubutunsa ya ce mutum 12,640 ke hidima a ciki, kuma mutum 79,365 daga ƙauyuka 3,140 ne aka ɗora wa ciyar da shi. Wuri ɗaya ke nan cikin da yawa. Duk sa'ad da na tuna wannan lissafi, manomin shinkafar nan nake tunawa, wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, wanda guminsa ne ya zama dutsen da muke zuwa kallo.

Ta Prohm ɗin nan shi ne wanda aka bari itatuwa suka rungume shi. Tsuntsu ya yar da iri a kan rufi, saiwa ta bi tsagar dutse ta sauko, ta yi kauri har ta fi jikin mutum. Wasu dogaye ne masu kama da rimi, wasu dangin cediya ne. Masu gyara suna cikin tsaka mai wuya a nan: saiwar da ta raba duwatsun ita ce kuma ke riƙe da su, in an sare itacen bango ya zube, in an bar shi iska ta kayar da shi ya tafi da bangon. Ƙwararru daga Indiya ne ke aikin tare da hukumar APSARA mai kula da Angkor. Tun da aka ɗauki wani fim na Amurka a wurin, wanda ya fito a 2001, cunkoso ya yi yawa, don haka ka je da sassafe. In kana son irinsa babu hayaniya, ka nufi Preah Khan, wanda sarkin ya gina don mahaifinsa a 1191.

Akwai wani gini a cikin Angkor Thom da ake kira Baphuon, wanda labarinsa ya haɗa tsohon tarihi da sabon ciwo. A shekarun 1960 Faransawa masu gyara suka ga zai rushe, suka warware shi dutse bayan dutse, kimanin 300,000, suka sa wa kowane lamba, suka baza su a daji da niyyar mayarwa. Sai yaƙi ya ɓarke. Daga 1975 zuwa 1979 'yan Khmer Rouge suka riƙe ƙasar, mutum kusan miliyan 2 suka mutu ta hanyar kisa da yunwa da aikin tilas, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar ƙasar. Takardun lambobin suka salwanta, ma'aikata da yawa ba su tsira ba. Da aka dawo aikin a 1995, sai da aka nemo tsofaffin magina da suka rage, aka yi ta gwada dutse da dutse, ba a gama ba sai 2011. Duk dattijon da ka gani a Siem Reap ya ratsa wancan zamani. Kada ka tsokano masa zancen sai in shi ya ɗauko.

Na san akwai mai sauraron da tun ɗazu yake cewa a ransa, me zai kai mai salla ɗakin gumaka? Tambaya ce mai kyau, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tuntuɓi malaminsa kafin ya tashi. Abin da zan faɗa shi ne babu mai tilasta maka rusunawa ko kunna turare. Za ka tarar da tsofaffi suna miƙa tsinken turare, ko sufi yana ɗaura wa baƙi jan zare a hannu. Ka yi murmushi, ka girgiza kai, ka wuce, ba wanda zai ji haushi. Amma ka sani wurin ibadar wasu ne har yanzu, don haka ba ɗaga murya, ba hawa kan sassaƙa, ba taɓa ta. Tun 2016 ba a barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gwiwa ya shiga, abin da shigarmu ta riga ta wadatar. Mace ba ta taɓa sufi ko ta zauna daf da shi, kuma a nemi izini kafin a ɗauke shi hoto.

Abinci da salla ba za su gagare ka ba. Mutanen Cham ɗin nan da aka zana a bangon Bayon suna yaƙi, jikokinsu da yawa sun musulunta daga baya, suka yi ƙaura zuwa Kambodiya bayan daularsu ta faɗi, su ne mafi yawan Musulmin ƙasar a yau. Sun sha baƙar wuya a hannun Khmer Rouge, an rushe masallatansu, an kashe malamansu. A Siem Reap akwai unguwarsu da masallaci da gidajen abinci na halal. Alƙibla a can yamma take, ka ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas.

Su wa ke zaune a wurin yau? A cikin filin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1992 akwai ƙauyuka fiye da 100, mutane suna noman shinkafa, suna kiwon shanu a gindin ganuwa. Tun 2022 hukuma ta fara kwashe iyalai kimanin 10,000 zuwa wani sabon matsuguni mai suna Run Ta Ek. Gwamnati ta ce da yardarsu ne, kuma don kare kayan tarihi ne. Ƙungiyar Amnesty International, a rahotonta na Nuwamban 2023, ta ce tilasta musu aka yi, aka kai su inda babu sana'a. Ni dai ina ganin gyaran da zai kori mai wuri don baƙo ya samu hoto mai tsabta, gyara ne mai tawaya. Abin da ke hannun baƙo kaɗan ne, amma akwai shi: ka ci abinci a rumfar 'yan ƙauye, ka ɗauki ɗan jagora ɗan gari mai lasisi, ka biya direbanka da kyau. Yara masu talla kuwa, hukumar wurin ta roƙi baƙi kada su ba su kuɗi ko alewa, don abin yana raba su da makaranta. Ka saya a hannun iyayensu.

A rana ta uku ka fita arewa. Hanyar tana ratsa gonaki da dogayen itatuwa 'yan uwan giginya, waɗanda ake tatsar ruwan furensu a dafa ya zama mazarƙwaila, mata na sayarwa a bakin titi. Ƙarshenta Banteay Srei ne, ƙaramin gini na jan dutse da aka keɓe a 967, wanda wani malamin fada ya gina, ba sarki ba. Sassaƙarsa ta fi ta ko'ina ƙanƙanta da zurfi. A 1923 wani matashin Bafaranshe, André Malraux, ya yanko wasu surori daga jikinsa zai fita da su, aka kama shi a Phnom Penh, aka mayar da kayan. Mutumin nan daga baya shi ya zama ministan al'adu na Faransa.

Satar da aka yi a shekarun yaƙi ta fi wannan muni nesa ba kusa ba. Za ka ga mutum-mutumi birjik babu kai, wasu ƙafafu kawai suka rage a kan dakali. An bi da su ta iyakar Tailan zuwa manyan gidajen tarihi da ɗakunan attajirai. A 2019 kotu a New York ta tuhumi wani dillali ɗan Ingila, Douglas Latchford, da safarar irin waɗannan kaya. Ya mutu a 2020 kafin a yi shari'a, iyalinsa suka amince su mayar da abin da ya tara. A ƙarshen 2023 gidan tarihi na Metropolitan ya sanar zai mayar wa Kambodiya guda 14. Mu da aka kwashe mana tagullar Benin, aka yi ta haƙe kayan Nok a kudancin Kaduna ana sayarwa a ɓoye, mun san zafin abin. Saboda haka ko tsakuwa kada ka sa a aljihu, kuma duk wanda ya tallata maka wani abu ya ce tsohon gaske ne, ka bar masa kayansa.

A wuraren da ke nesa da gari akwai sauran haɗari guda: nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. An share Angkor da kewayensa tuni, amma a ƙauyukan arewa da yamma har yanzu ana aiki. Kada ka bar turbar da ƙafa ta taka, in ka ga jan allo mai hoton ƙoƙon kai, ka tsaya nan. Cikin masu wannan aiki har da gafiya. Ƙungiyar APOPO tana horar da gafiyoyi a Tanzaniya ta kai su can. Hancinsu yana jin ƙanshin albarushi, jikinsu kuma bai kai nauyin da zai tayar da nakiya ba, ladansu ayaba da gyaɗa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100, aka ba shi lambar zinare a 2020. Suna da cibiya a Siem Reap inda baƙo zai ga yadda suke aikin.

Wanda ke da sauran kwanaki, ya yi tafiyar kimanin kilomita 120 zuwa Koh Ker, inda fadar ta koma daga 928 zuwa 944, ya ga dala mai hawa bakwai da tsawon mita 36 a tsakiyar daji. Daga nan ne aka sace mafi kyawun mutum-mutumin da ake ta mayarwa yanzu. Gaba da shi akwai wurin bauta na Preah Vihear a kan tsauni, daidai iyakar Tailan. Kotun Duniya ta ba Kambodiya shi a 1962, amma an yi ta musayar wuta a kansa tsakanin 2008 da 2011, rikicin iyakar kuma ya sake tashi a 2025. Kada ka kama hanyarsa sai ka tambayi halin da ake ciki a ranar, daga bakin mutanen gari.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau.